Waƙar da ta kai ni ta baro: nazarin wani ajin koyon harshen Indonesiya a Yogyakarta

Ajin da wannan nazari ya shafa aji ne na manya, a wata jami'a da ke Yogyakarta a tsibirin Jawa, kuma ni ma ina cikinsa. Dukanmu baƙi ne da gwamnatin Indonesiya ta ba gurbin karatun digiri na biyu, bisa sharaɗin sai mutum ya yi watanni yana koyon harshen ƙasar kafin ya taka sashensa. Akwai mu 'yan Afirka ta Yamma, akwai 'yan gabashin Afirka, akwai mutanen Asiya ta Tsakiya. Kowa ya ba shekara 25 baya, wasu ma sun baro mata da 'ya'ya a gida. Malamarmu 'yar Jawa ce mai sanyin murya, ba ta ɗaga sauti ko da aji ya kacame. Bu muke kiranta, gajeren Ibu, wato uwa. Haka ake kiran duk mace babba ko mai matsayi, namiji kuma Pak. Ita kuma Mas take ce wa mazan cikinmu, matan kuma Mbak, yadda mutanen Jawa ke girmama saurayi da budurwa ko da sun girme su.

Wannan fanni yana da sunansa a can: BIPA, gajeren Bahasa Indonesia bagi Penutur Asing, wato harshen Indonesiya ga baƙo. Hukumar harshe ta ƙasa, Badan Bahasa, ita ke kula da shi, ita ta wallafa littattafan Sahabatku Indonesia da azuzuwa da dama ke bi, kuma tun 2017 ma'aikatar ilimi ta kasa karatun zuwa mataki 7. Gwamnati ba da wasa ta ɗauki abin ba. Shirin Darmasiswa, mai kawo ɗalibai daga waje su koyi harshe da al'ada, a 1974 aka fara shi. Doka mai lamba 24 ta 2009 ta ɗora wa gwamnati nauyin ɗaga harshen zuwa matsayin na duniya, a Nuwamban 2023 kuma UNESCO ta karɓe shi cikin harsunan babban taronta. Mu dai a mataki na 1 muka faɗo, ko gaisuwa ba mu iya ba.

A takarda harshen kamar shan ruwa ne. Da baƙaƙen boko ake rubuta shi, aikatau ba ya sauya siffa don jiya ko gobe, kalmar dia guda ta ɗauke "shi" da "ita", babu kuma karin sauti irin namu mai mayar da kalma wata kalmar daban. Duk da haka mako biyu muka yi muna cike gurbi a littafi daidai, in an ce mu buɗe baki sai a ji tsit. Babu harshe ɗaya da ya haɗa mu duka, don Turancin wasu bai kai ya ɗauki bayanin nahawu ba. In mun fita waje kuma Jawanci ne ke shiga kunnenmu, gauraye da Indonesiyancin kasuwa wanda bai yi kama da na littafi ba. A mako na uku Bu ta shigo da waƙa.

Yadda ta tsara abin

Farkon darasi kullum, kamar minti goma sha biyar, na waƙa ne. Ba ta fara ba mu rubutu. Sai ta rera sau biyu muna saurare, ta tambaye mu wace kalma muka tsinta, ta rubuta abin da muka faɗa a allo ko da kuskure ne. Daga nan ta raba takarda mai baitukan da aka ƙwaƙule wasu kalmomi, mu cike da kunne. Sai mun rera tare har bakinmu ya kama, sannan ta zaro abu ɗaya tak na nahawu daga ciki ta gina darasin ranar a kansa. Babu kayan kiɗa, tafi ne kawai da buga tebur.

Waƙoƙin da ta zaɓa duk tsofaffi ne, irin waɗanda kowane ɗan Indonesiya ya tashi da su. Akwai dalilin da ya sa suka dace da baƙo, kuma sai daga baya na gane shi. Lokacin da matasan ƙasar suka yi rantsuwar Sumpah Pemuda ranar 28 ga Oktoba 1928, suka ɗauki Indonesiyanci a matsayin harshen haɗin kai, mafi yawan jama'a ba da shi suke magana a gida ba. Ƙasa ce mai harsuna sama da 700. A wancan zamani yaron Jawa ko na Sunda, ƙabilar yammacin tsibirin, a makaranta yake haɗuwa da harshen ƙasa, kusan yadda muka haɗu da shi. Masu tsara waƙoƙin kuwa malamai ne. Ibu Sud, wadda aka haifa a Sukabumi a 1908 ta rasu a 1993, ta koyar da kiɗa a makarantun zamanin mulkin Holan, inda ake sa yara rera waƙoƙin Holanci, ta shiga tsara musu nasu da harshen ƙasa. Pak Kasur da matarsa Bu Kasur sun yi suna da makarantar ƙananan yara da shirye-shiryen yara a rediyo da talabijin. A.T. Mahmud, ɗan Palembang da ya rasu a 2010, ya shafe shekaru yana jagorantar shirin waƙar yara a talabijin ɗin gwamnati, TVRI, tun ƙarshen shekarun 1960. Tun asali ke nan aikin koyar da harshe aka ɗora wa waƙoƙin: gajerun jimloli, maimaici, abu ɗaya a baiti ɗaya.

Abin da waƙoƙin suka gyara

Baki suka fara gyarawa. Bahaushe yana shiga ajin nan da riba guda da bai sani ba: baƙin c a rubutunsu, tun gyaran ƙa'idar rubutu na 1972, sautinsa ɗaya da namu. Ranar da aka kawo waƙar tsaka, cicak, masu Turanci da Faransanci sai tuntuɓe suke yi, ni kuwa na karanta sumul. Baƙin k na ƙarshen kalmar ma ba a furta shi sosai, hamza ce kawai, wadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Amma murnata ba ta je ko'ina ba, don washegari aka kawo waƙar sassan jiki mai farawa da kepala da pundak, kai da kafaɗa, sai ga ni ina "kefala, fundak". Harshen nan cike yake da p, kuma waƙa ba ta barin ka ka zille wa kalma, dole ka bi ta kanta sau goma da saurin tafi. Bu ta tsaya gabana ta ce in haɗe leɓɓana gam kafin in saki iska. Ta kuma lallashe ni da cewa mutanen Sunda na yammacin Jawa nasu ciwon kishiyar nawa ne, su f suke mayarwa p, har ana tsokanarsu da "pitnah" maimakon fitnah.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne ng a tsakiyar kalma. A pelangi, bakan gizo, ba a jin g ko kaɗan, sauti ne guda ta hanci. In ana son a ji g sai a rubuta ngg, shi ya sa tangan, hannu, da tangga, tsani, suka bambanta. Dabarar da ta fisshe ni daga Hausa ta fito: sautin da muke rufe "nan" da "can" da shi, shi ne wannan, sai dai mu ba mu saba ɗora masa wasali ba. Na yi kwanaki ina tafiya masallaci ina "nan-i, nan-i" har ya zauna. Haka kuma baƙin e yana ɗauke da sauti biyu da rubutu ba ya rarrabewa. A kereta, na farko ɗan gajere ne mai dusashe, na biyu kuma e ne sosai. Babu ƙa'idar da za ta gaya maka wanne ne wanne, sai kunne, kuma a nan waƙa ta fi littafi nesa ba kusa ba.

Sai nahawu. Waƙar tsakar nan baiti huɗu ce kacal: tsaka tana rarrafe a bango, sauro ya zo, ta cafke shi. (Mu da muke bin tsaka da takalmi sai da abin ya ba mu mamaki. A can kowane bango da tasa, yara ma waƙa suke mata.) Amma Bu ta ci kusan mako guda a cikinta. Akwai di dinding, a bango, inda di ke tsaye ita kaɗai tana nuna wuri. Akwai ditangkap, aka kama, inda di- ke manne da aikatau tana nuna an yi wa abu aiki. Biyun nan ko 'yan ƙasa suna cakuɗa su a rubutu, mu kuwa a waƙa ɗaya muka haɗiye su gefe da gefe, ba mu ƙara ruɗewa ba. Akwai seekor nyamuk, sauro guda, inda muka koyi cewa ba a ƙirga dabba sai da kalmar ekor, wutsiya, mutum da orang, kaya da buah. Kamar dai yadda muke cewa "kan shanu goma", sai dai su ta wutsiya suka kama.

Ninka kalma bai ba ni wahala ba ko kaɗan, don gida na tarar. A waƙar balan-balan biyar akwai rupa-rupa, wanda daidai yake da "iri-iri" namu. Launin da waƙar ta kira kelabu, a bakin mutane yau abu-abu ne, abu kuwa toka ce: toka-toka ke nan, ba ragi ba ƙari. A wannan waƙar dai yaron da balan-balan ɗinsa ta fashe ya ce hati ɗinsa ya dagule. Muka rubuta "zuciya". Da yamma na je shagon abinci na ga an rubuta hati ayam, na tambaya, aka nuno mini hantar kaza. Ashe hati hanta ce, zuciya mai bugawa jantung ce, amma a hanta suke ajiye so da tsoro da damuwa. Abokan karatuna abin ya ɗaure musu kai. Ni kuwa na tuna mu ma in tsoro ya kama mutum cewa muke hantar cikinsa ta kaɗa.

Wannan waƙar tana da wata gardama da 'yan ƙasar ke raha da ita. A wata sigar da ta yaɗu, launuka biyar da aka jera babu kore a ciki, amma koriya ce ta fashe. Bu ta rera mana wannan sigar da gangan ta yi shiru tana kallonmu. Wani ɗan gabashin Afirka ne ya ɗaga hannu ya ce da gurguwar Indonesiyancinsa ai balan-balan shida ne. Ranar ce aka fara musu a ajin nan da harshen da muka zo koya, kuma a ganina wannan ne darasi mafi kyau da aka yi a watan.

Ɗafa-goshin meN-, wanda ke haɗiye baƙin farko na wasu kalmomi, daga waƙar shuka masara ta Ibu Sud muka fara jinsa: tanam ya koma menanam. Da aka zo jadawali aka ce k da p da t da s su ke faɗuwa, kirim ya zama mengirim, pukul ya zama memukul, sapu ya zama menyapu, sai muka ga ai kunnenmu ya riga ya san abin. A cikinta kuma muka gamu da kita, "mu" da ta haɗa da wanda ake yi wa magana, saɓanin kami da ta ware shi. Hausa "mu" ɗaya gare ta, don haka sai da na daɗe ina ce wa mai gidan hayarmu kita daga Najeriya muke, ina kwasar baiwar Allah ina kai ta ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Sunayen 'yan uwa daga waƙar ƙirgen nan ta son uwa da uba suka zo: kakak kamar "yaya" take, mace ko namiji, adik kuma ta haɗe ƙane da ƙanwa. Ranakun mako kuwa kyauta muka same su, don Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat da Sabtu tushensu ɗaya da Litinin zuwa Asabar. Minggu ce kawai baƙuwa, daga Fotugisanci ta shigo, ko da yake a masallatai za ka ji ana cewa Ahad.

Gardamar masu gemu

Ba kowa ne ya karɓi abin hannu biyu ba. Mutum da gemunsa, malamin jami'a a ƙasarsa, a ce ya miƙe ya dafa kai ya dafa gwiwa yana waƙar 'yan nazare? Mutum biyu suka ƙi fur. Ɗaya kunya ce ta hana shi, ɗayan kuma ya ce shi waƙa ba ta cikin tsarinsa. Bu ba ta ja da su ba. Ta ce wanda ba zai rera ba ya karanta baitukan da ƙarfi a kan tafin sauran, ba tare da karin waƙa ba. Wata rana kuma, a tsakiyar hira, ta ba da labarin yadda almajiran pesantren, makarantun kwana na addini a Jawa, ke haddace Alfiyyar Ibnu Malik, baiti kusan dubu na nahawun Larabci, ta hanyar rerawa tare, abin da suke kira lalaran. Ni wannan bai zame mini sabon labari ba, don a zaurukanmu ma ana karanta Alfiyya, kuma da waƙa Nana Asma'u ta isar da karatu ga mata ta hannun 'yan taru. Mai tsarin nan bai taɓa rerawa ba har aka gama, amma ya riƙa karantawa, kuma furucinsa bai gaza na kowa ba. Wannan ya sa nake ganin abin da ke aiki a hanyar nan shi ne maimaici a kan ma'auni da haɗa baki da jama'a. Karin waƙar ƙari ne, har ma wani lokaci yana ɓata abu, don yakan ja gaɓar da ba a ja a magana, mu Hausawa kuma da ma neman dogon wasali muke yi.

Ranar percuma

Waƙar da ta fi shiga ranmu ita ce ta jirgin ƙasa, Naik Kereta Api, ita ma ta Ibu Sud. Jirgin cikinta Bandung da Surabaya za shi, layin da ya haɗa biranen nan biyu kuma, mai tsawon kusan kilomita 700, ta Yogyakarta ya ratsa, don haka muna jin kukan jirgin daga ɗakunanmu. A waƙar ana gayyatar abokai su hau dengan percuma. Muka tambayi ma'ana, Bu ta ce ba biya, ta wuce zuwa darasin ranar, wanda ya shafi ke da di da dari, wato zuwa da a da daga. Na rubuta a littafina: percuma, kyauta.

Bayan kamar wata biyu wani babba daga cikin shugabannin sashen ya zagayo ajinmu, dattijo mai furfura, ya tambaya yaya muke jin karatu. Ni da nake ganin bakina ya buɗe, na miƙe. Niyyata in ce ina farin ciki, ga karatu mai kyau kuma ba mu biya ko sisi. Na ce: "Aku senang, Pak. Kelas ini percuma."

Dattijon ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Mutumin Jawa ba ya nuna maka ka yi ɓaranɓarama, wannan murmushin shi ne iyakar abin da za ka gani. Amma na hango fuskar Bu, sai hantar cikina ta kaɗa. A hankali ta ce, "Maksudnya gratis, ya, Mas?" Wato kyauta kake nufi ko? Na ce eh. Sai a lokacin dattijon ya yi dariya ta gaske.

Abin da na faɗa a gaban shugabanta shi ne ajin nan na banza ne. Kuma "banza" ita ce fassarar da ta dace ƙwarai, don kalmar tasu ta bi hanyar da tamu ta bi. Mukan ce na samu a banza, ko banza ta faɗi, muna nufin abin da ba a biya ba. Mukan kuma ce aikin banza. Babban ƙamus ɗinsu har yau yana ɗauke da ma'anonin biyu, a Malesiya ma percuma kyauta take nufi a kowane talla. Amma a bakin ɗan Indonesiya na yau ma'anar "mara amfani" ce ta rage, kyauta kuma sai gratis da aka aro daga Holanci, ko cuma-cuma. Waƙar ta riƙe tsohuwar ma'anar ne saboda tsohuwa ce. (Ko kereta ɗin ma haka take yawo: jirgin ƙasa ce a Jawa, mota a Malesiya, babur a birnin Medan na tsibirin Sumatra.)

Kuskure na biyu ban ma san na yi shi ba sai da aka tashi. Aku ita ce "ni" ta yara da abokai da masoya da addu'a. Ga malami, ko baƙo, ko wanda ya girme ka, saya ake cewa. Littafi ya koya mana saya tun ranar farko, amma sau nawa na furta ta? Waƙoƙin kuwa sun sa na furta aku da guntayenta ku- da -ku sau ɗaruruwa. Da na miƙe a gaban babba gabana na faɗuwa, wadda ta fi zama a baki ita ta fito. Kamar ɗan koyon Hausa ne ya tsaya gaban hakimi ya ce masa "kai, ya kake?"

Inda matsalar take

Da muka zauna muka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga percuma ba ita kaɗai ba ce. A waƙar jirgin kawai akwai hendak inda mutane ke cewa mau, akwai turut inda ake cewa ikut, akwai lekas inda ake cewa cepat, akwai tak inda littafi ke cewa tidak titi kuma ke cewa nggak. Waƙar bakan gizo ta A.T. Mahmud tana yabon kyau da alangkah, kalmar da in ka faɗa wa mai sayar da riga sai ta zaci wasan kwaikwayo kake. Ba kuskure ba ne ko ɗaya, harshe ne mai tsabta. Sai dai harshen yaro ne, kuma na zamanin kakanni. Yaron Indonesiya da ke rera su yana da gida da unguwa da ke gaya masa wace kalma ce ta waƙa kawai. Ɗan firamare a Ostareliya, inda aka daɗe ana koyar da harshen a makarantu, shi ma ba zai tsaya gaban shugaban sashe gobe ba. Mu kuwa manya ne da ke zaune cikin ƙasar, duk abin da ya shiga bakinmu da safe da shi za mu yi ciniki da yamma. Ƙarfin da ya sa waƙa ke dasa kalma ta zauna, shi ne ya sa kalmar da ba ta dace ba ita ma ta zauna daram.

A ganina laifin Bu ɗaya ne, kuma ƙarami: ta ɗauki waƙa don nahawu da furuci, ta bar kalmomin suka wuce ba shinge. Nawa laifin shi ne ban taɓa jin wani ya ce percuma da ma'anar kyauta a titi ba, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Akwai kuma abin da waƙoƙin ba su da shi sam. Ba su koya maka tambayar farashi ko neman ragi, ba su koya maka ba da haƙuri ga malami in ka makara. Manyan sunaye masu ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya da karatun jami'a ya dogara a kansu, irin su pendidikan, ilimi, da penelitian, bincike, da kebudayaan, al'ada, ba za ka same su wurin tsaka da balan-balan ba. Da muka haura mataki na 2 sai waƙa ta ja baya da kanta, jarida da gajerun maƙaloli suka karɓi wurin.

Gyaran da aka yi

Bu ba ta jefar da waƙa ba. Mako na gaba ta shigo ta tsaga allo gida uku: kalmar waƙa, kalmar rubutu da ofis, kalmar titi. Duk waƙar da aka rera sai an bi ta wannan tankaɗe kafin a tashi. Ta kuma ƙara wani aiki da ya fi kowanne amfani a wurina, wato juya waƙa zuwa maganar yau. Waƙar jirgin muka mayar hira a tagar sayar da tikiti, da saya da Pak da Mbak, da tambayar nawa ne da ƙarfe nawa zai tashi. Muka sake mayar da ita saƙon WhatsApp ga aboki, da aku da nggak da ayo. Labari ɗaya, riga uku. A nan ne na fara jin bambancin matakan magana a jikina, abin da bayani bai taɓa shigar mini ba.

Ta kuma tura mu waje da waƙoƙin. Aikin gida shi ne ka sami wani ɗan ƙasa ya rera maka, ka tambaye shi wace kalma ce ba ya amfani da ita. Na tambayi ibu kos, mai gidan hayarmu, wadda wata biyu ba mu wuce gaisuwa ba. Ta ajiye tsintsiya ta rera waƙar masara daga farko har ƙarshe, ta kira jikarta ta nuna mata baƙon da ya san waƙar makarantarsu, daga ranar kuma ta fara aiko mini da shayi. A wurin mai abincin dare na bakin titi ma, ina fara waƙar tsaka ƙasa-ƙasa sai ya ƙarasa mini da "hap" ɗin da ake cafke sauro da shi, sauran masu cin abinci suka kwashe da dariya, hira ta ɓarke. Yawancin Indonesiyancin titi da na iya, daga irin wannan hirar na tsince shi.

Bayan na koma sashena, wata safiya na bi ta gefen tsohon ajinmu na ji sababbin ɗalibai suna kukan jirgi da baki. Na leƙa ta taga. Allon a tsage yake gida uku tun kafin a fara, kalmar percuma kuma an zagaye ta da jan alli, an rubuta hati-hati a gefenta, wato a yi hattara. Bu ta hango ni ta ɗaga mini hannu, ta juya ta ce wa ajin wani abu da ban ji ba, sai duk suka waiwayo suna kallona.